Hilux mai bugu daga ƙasa in an ba ta wuta: yadda aka bi sawun ƙarar a wani garaji na Maraɗi

Hilux ce mai gida biyu, wato mai kujeru gaba da baya, ƙirar 2012, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke yin gwanjonsu in sun gama aiki da su. Injinta 5L ne na gazuwal, lita 3, babu turbo, giyar hannu, kuma tana jan ƙafa huɗu in an saka mata. Mai ita ɗan kasuwar hatsi ne a nan Maraɗi, aikin motar kuwa cin kasuwannin ƙauye ta hanyar Dakwaro, su Sabon Mashi da Kornaka da garuruwan da ke bayansu cikin rairayi. Da safe ta fita da shinkafa da sukari da jarkokin mai, da dare ta shigo da gero da wake, ga fasinja bisa kayan. Agogonta ya haura kilomita 300,000.

Bayanin direban gajere ne: "Maigida, in na tsaya na zo tashi, da na saki ambarayaji (kulochi) sai in ji gwam daga ƙasa, sau guda. In ta miƙe shi ke nan, lahiya lau, sai kuma an sake tsayawa."

Kafin ta iso garajinmu ta riga ta ci kuɗi sau biyu a kan wannan ƙara. Da farkon damina an canza mata kurwaziyon baya, wato kuros ɗin da ke ƙarshen kardan (dogon bututun da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya), ƙarar ta lafa na ɗan lokaci ta dawo. Bayan nan aka sa mata sababbin amortisa biyu, masu shanye girgizar hanya, ko gezau. Makanike na ƙarshe da ya saurare ta ya ce daga buwat ne, wato akwatin giya, sai an sauke an buɗe, har Alhaji mai motar ya sa an fara tambaya masa kuɗin buwat ta hannu. Da ya ji kuɗin ne ya ce a dakata, a kai ta wani wuri a ƙara dubawa tukuna.

Abin da bugu ɗaya ke nufi

Ƙarar da ke maimaita kanta tana bin gudun mota, wannan ta abu mai juyawa ce, ko boris, ko taya, ko haƙorin giya da ya ɓalle. Bugu ɗaya tak a daidai lokacin da aka ba mota wuta kuwa labarinsa daban. Akwai gibi a wani wuri tsakanin inji da taya. Ƙarfe biyu da ya kamata su zauna manne sun sami sarari, in ƙarfi ya zo sai ɗaya ya ruga ya daki ɗan'uwansa. Muddin ƙafa na kan totur suna nan manne, shiru kake ji. Sai an saki wuta, ko an taka birki, ko an sa ribas, gibin ya koma ɗaya gefen ya jira tashi na gaba.

Ƙarfin da ke bi ta wannan hanya kuma ba na wasa ba ne. Injin 5L yana ba da ƙarfin juyi kusan Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi). Giya ta ɗaya tana ninka shi wajen sau 4, pon, wato aksul na baya, ya sake ninkawa wajen sau 4, abin da ke isa tayoyin baya ya haura Nm 3,000. Da irin wannan ƙarfi, gibin milimita ɗaya ya isa ya ba da ƙarar da direba zai ji a kujerarsa. Kunne kuma yana yaudara a nan. Kardan bututun ƙarfe ne, shasi ma ƙarfe ne mai rami, su biyun suna ɗauko ƙara daga can baya su kawo ta ƙarƙashin sandar giya. Wanda ya ce buwat ce, a nan ɗin ya ji ta, inda ta fito ne bai bi ba.

Saboda haka ba mu taɓa sifana ba sai da muka zaunar da direban. Na tambaye shi ko tana yi in babu kaya. Ya ce tana yi, amma ƙarama, wani ƙwal haka, gwam ɗin sai da kaya. Wannan amsar ta fi duk sauran amfani, domin ta nuna ƙara biyu ce ake ta kira da suna ɗaya. A kan gargada fa? Ya ce yana iya cin kilomita goma a burji ba ta ce uffan ba. Na ce to kowane tashi take yi? Ya yi ɗan jim, sannan ya ce a'a. In ya gangaro shinge a hankali ya tsaya, sau da yawa yana tashi ba ta yi ba. Amma in amalanke ko ɗan kabu-kabu ya faɗo masa ya danna birki da ƙarfi, to tashin da zai biyo baya sai ta buga, ba makawa. Ya ƙara da cewa sitiyari ya ɗan karkace kwanan nan, yana ganin ko faralelizim ne, wato daidaiton tayoyin gaba, bai ɗauka da alaƙa ba.

Muka fita da ita babu kaya ta hanyar Tibiri. A giya ta uku, a taka totur a saki, a taka a saki: kowane karo ƙwal, siririya, ta ƙarfe da ƙarfe. Muka sauka gefen titi inda ake da gargada, aka sa ta firi ta gangara da kanta: shiru. Wannan ya wanke amortisa da sauran kayan ƙafa daga wannan ƙarar, don su rami ne ke sa su magana, totur bai dame su ba. Aka sa H4, giyar jan ƙafa huɗu, cikin rairayi, ba abin da ya ƙaru. Aka karya sitiyari har ƙarshe aka yi zagaye, babu kas-kas ɗin nan na kan kardan ɗin gaba. Gwam ɗin kuwa ko sau ɗaya ba mu ji shi ba.

A garaji aka buɗe gaban mota, aka ja birkin hannu, aka taka na ƙafa, direba ya sa giya ta ɗaya yana sakin ambarayaji kaɗan-kaɗan, mu muna kallon inji daga gefe. Ba a tsayawa gaban mota a wannan gwaji, yaran garaji sun san haka. In robar kujerar inji ta yanke, a giyar gaba gefen hagu ne ke ɗagawa, a ribas kuma na dama. Wannan injin ya ɗan karkata ya dawo, daidai gwargwado. Kujerar buwat ma lafiya, salansa ba ta taɓa shasi ko'ina. Nan muka wuce da sauri.

Cikin rami

Duba kardan yana da sharaɗi guda da ake yawan mantawa: sai an sauke masa nauyi. A sa waigi gaba da bayan taya, a sa giya firi, a saki birkin hannu. In mota na cikin giya ko tana jingine da birki a kan gangara, kardan ɗin a ɗaure yake, kurwaziyon da ya mutu murus ma zai yi kamar lafiyayye a hannu.

Kardan ɗin baya na irin wannan mota gida biyu ne, da boris mai roba a tsakiya. Na riƙe bakin pon da hannu ɗaya, na murɗa bututun da ɗayan. Kurwaziyon gaba da na tsakiya ba motsi. Na baya kuwa ya amsa, ƙwal, irin wadda muka ji a hanya. Da aka haska fitila sai ga jan gari kamar na tsatsa ya fito ta bakin kofi biyu daga cikin huɗun da ke rufe hannuwan kurwaziyon. Jan garin nan alama ce da ba ta ƙarya: alluran da ke cikin kofin sun bushe, suna cin junansu.

Muka yi wa kardan alama da fenti a duk inda zai rabu kafin kwancewa, don ya koma yadda ya fito. Wannan ba tsirfa ba ce. Kurwaziyo in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, sau biyu yake sauri sau biyu yake lafawa a kowane zagaye, ɗan'uwansa na ɗaya ƙarshen ne ke gyara wannan in an jera su daidai. A gudun kilomita 80 kardan na juyawa wajen sau 2,500 a minti, in aka maida shi a birkice motar za ta kama rawa.

Da aka fitar da kofunan a kan benci, biyu akwai ɗan giris baƙi a ciki, biyu kuwa ƙayau. Alluran kofi ɗaya sun zube rabi gutsattsari, wasu sun zama gari. Abin da ya tsayar da ni shi ne hannun kurwaziyon kansa. A jikinsa akwai layuka a jere, kowace allura ta bar shatinta a cikin ƙarfen, in ka bi da farce sai ka ji yana tsalle. Rashin giris yana sa ƙarfe ya cinye ya yi shuɗi don zafi. Shatin allura kuwa duka ne ke kawo shi, duka mai nauyi da ake maimaitawa a wuri ɗaya. Kan giris ɗinsa a toshe yake da busasshiyar laka, wanda ke nuna tun da aka ɗaura shi bai ga famfon giris ba. Wannan laifin ya zama ruwan dare: ana juyen mai kan kari, a canza matatar mai, ba mai leƙa ƙasa, alhali mota mai ratsa ruwan damina a kwaruruka ita ta fi kowa bukatar giris a kardan.

To a nan ne ake samun saɓani tsakanin mai gyara da mai canza kaya. An sami abu matacce, ƙararsa ta dace da wadda aka ji, a sa sabo a sallami mota, kowa ya ji daɗi. Haka aka yi da farkon damina. Amma kurwaziyon da aka sa a watan Yuni bai kamata ya zo Nuwamba a wannan hali ba, ko da na mai araha ne, ko da bai sha giris ba. Wani abu ne ke dukansa. Kuma har zuwa lokacin ba mu ji gwam ɗin da aka kawo motar dominsa ba.

Aka sa sabon kurwaziyo mai kyau, aka ba shi giris har sabo ya ɓullo ta kofuna huɗun duka. In uku suka fitar ɗaya bai fitar ba, wannan ɗayan a bushe yake, komai yawan abin da aka dura.

Sauran waɗanda ake zargi guda biyu ne, muka bi su tun kardan na ƙasa. Na farko shi ne wurin da kardan ke shiga yana fita, mai haƙora a tsaye, wanda ke ba shi damar tsawo da gajarta in lam, wato fallayen ƙarfen da bayan mota ke zaune a kansu, ya motsa. In ya bushe yakan maƙale lokacin birki, ya saki da bugu lokacin tashi, kuma wannan ya yi daidai da bayanin direba ƙwarai. An san motocin Toyota masu ɗaukar kaya da wannan hali in an bar su ba giris. Muka zare shi, muka wanke, haƙoran ba su ci ba, yana zamewa sumul. Aka shafa masa giris da hannu aka maida. Shi wannan wurin ba a cika shi da famfo har ya ƙi karɓa, don in ya cika maƙil ba zai iya gajarta ba, sai ya riƙa tura boris ɗin da ke gabansa.

Na biyu pon. Muka zare murfin juye, maganaɗisun da ke jikinsa ya kama laushin garin ƙarfe, wanda ba komai ba ne a motar da ta yi wannan tafiya. Gutsuren haƙori ne abin tsoro, babu ko ɗaya. Man ya ɗan yi fari-fari, ruwa ya shiga, ƙaramin bututun numfashin da ke saman pon kuma a toshe. Bakin pon ba ya motsi sama da ƙasa ko ciki da waje. In an murɗa shi yana da ɗan wasa kafin taya ta amsa, ɗaya daga cikin yaran har ya ce ga ta nan. Na ce masa kowane pon yana da wannan. Tsakanin babban haƙori da ƙarami kaɗai masu ƙirar sun bar gibin milimita 0.13 zuwa 0.18 da gangan don mai ya sami wurin shiga, ga na ƙananan giyoyin ciki, ga na haƙoran sandunan taya, duk suna taruwa a hannunka. Akwai masu ganin wannan wasan su ɗauko dogon bututu su ƙara ɗaure babban notin bakin pon. Kada a yi. A bayan notin akwai wani zobe da ake matsewa sau ɗaya don daidaita boris, in aka wuce da shi boris ɗin zai ƙone, a jawo aikin da da babu shi.

Da kaya a kai

Babu kaya, motar ta yi shiru. Na kira Alhaji na ce a bar mana ita zuwa gobe, kuma a loda mata irin lodin da take ɗauka ranar kasuwa. Ya ce, "Malam, ba an gama ba?" Na ce an gama rabi. Da safe direba ya zo da ita da buhu goma na gero.

Akwai dalilin da ya sa duk gwajin da aka yi a tsaye, namu da na waɗanda suka riga mu, bai nuna komai ba. In an ja birkin hannu aka ba mota wuta, ƙarfin yana shiga pon, ya bi sandar taya zuwa gangar birki, birkin kuma a jikin pon ɗin yake ɗaure, sai ƙarfin ya koma inda ya fito. Pon bai tura komai ba. Amma in taya ce ta kama ƙasa za ta ja tan uku, to pon ne ke tura motar gaba ta hanyar lam, yana kuma ƙoƙarin murɗawa baya, bakinsa na ɗagawa sama. Duk wannan yana bi ta wuri ɗaya: inda lam ya zauna bisa pon, wanda birid huɗu ke riƙewa, biyu kowane gefe, wato lanƙwasassun ƙarafan nan da notinsu ke kallon ƙasa.

Muka goge wurin, muka ja layin alli daga lam ya sauko kan mazauninsa a kowane gefe. A filin bayan garaji direba ya ɗan yi gudu ya danna birki da ƙarfi. Yaro ɗaya ya tsuguna can gefe da waya yana ɗaukar tayar baya. Direba ya saki ambarayaji. Gwam. Wannan karon kowa ya ji, har mai shayin bakin titi ya waiwayo.

A hoton wayar, in an rage gudunsa, ana ganin tayar dama ta yi tsalle gaba cikin ramin ta kafin jikin motar ya motsa. Layin alli na hagu yana nan a haɗe. Na dama ya rabu biyu.

Muka kawo tef muka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, sitiyari a miƙe. Awon kamfani na wannan ƙira milimita 3,085 ne. Hagu yana nan kusa da haka ko bayan birki ko bayan tashi. Dama kuwa bayan birki mai ƙarfi ya fi tsawo, bayan tashi ya gajarta, bambancin ya kai santimita 2. Ke nan pon yana zamewa a ƙarƙashin lam, birki ya ja shi baya, totur ya maido shi gaba. Karkacewar sitiyarin ma ga inda ta fito: in pon ya karkace sai bayan mota ya riƙa tafiyar kaguwa, direba na gyarawa da hannu bai sani ba. Tayar baya ta dama ta cinye a kafaɗa ɗaya.

Aka sauke kayan, aka ɗaga shasi bisa ƙafafun ƙarfe. Notin birid na dama biyu da sifana ƙarama suka kwance, ba a ko sa ƙarfi ba. Dukansu a bakin zare suke, da kyar suka kama zagaye huɗu ko biyar, don birid ɗin sun yi gajarta. Da pon ya sauka sai kan ƙusar tsakiya, wadda masu lam ke kira santabol, ya faɗo ƙasa shi kaɗai. Wurin karayar rabi ya yi tsatsa, rabi ya goge yana ƙyalli, alamar ta daɗe da yankewa. Ramin da kanta ke zama a ciki bisa pon, wanda ya kamata ya zama zagayayye, ya koma dogo. Ƙasan falle na ƙarshe ya goge fes, sai ka ce an bi shi da dutsen wasa, iyakar inda pon ke kaiwa da komowa. Tsakanin fallayen kuwa ɓawon tsatsa da jar ƙasa, wani wuri kaurinsa ya kai na kwali.

Sai a nan direba ya tuna. Bara da kaka, ganin motar na durƙusawa in ta ɗauko wake, Alhaji ya sa an kai ta wajen masu lam an ƙara mata falle biyu kowane gefe. Bai faɗa ba da farko don a ganinsa ƙarin lam ba gyara ba ne, kuma ƙarar ba ta fara ba sai da bazara.

Yadda abin ya faru a bayyane yake. An ƙara kauri, an maida tsofaffin birid. Birid kuwa in an ɗaure shi yadda ya kamata miƙewa yake kaɗan, wannan miƙewar ce ke riƙe matsi, kuma zarensa yana lalacewa a ɗaurin farko, shi ya sa ba a so a maimaita shi. An kuma jera fallayen da tsatsarsu da ƙasarsu. Ranar da aka ɗaure sun matsu, amma gargadar hanyar ƙauye ta niƙe tsatsar ta zube, kaurin ya ragu, matsin ya tafi, ba wanda ya koma ya ƙara ɗaurewa. Ƙusar tsakiya aikinta nuna wa lam mazauninsa kawai, siririya ce, ba a yi ta don tura mota ba. Da birid suka saki sai duk turin ya koma kanta, ta jure na wasu watanni ta yanke. Daga nan kowane tashi da kaya pon ya ruga gaba ya tsaya da duka, bakinsa ya wuntsila sama, kurwaziyon baya shi ne na farko da ke karɓar wannan. Ga kuma ƙarin tsawon da lam ya ba bayan motar in ba kaya, wanda ya ƙara karkatar kardan. Da an sa kurwaziyo na uku an sallame ta, da shi ma bai ga damina ba. Da an sayi buwat ɗin, da an ɗaura ta an fita gwaji an ji gwam.

Abin da ya fi ƙarar muni shi ne inda ta nufa. Tiyon birki da wayar birkin hannu duk a jikin pon suke, ana ta fizgarsu. In notin nan biyu suka ida fita a kan gudu, pon zai juya gefe ɗaya, kardan ya zare, mota mai buhu goma da mutane a sama ba ta da wanda zai riƙe ta.

Gyaran kansa bai ɗauki dogon lokaci ba. Aka kwance lam na gefe biyun, don na hagu ma tsofaffin birid ne, lokacinsa ne bai yi ba. Aka goge kowane falle da burushin ƙarfe, aka duba tsagewa musamman kusa da ramin tsakiya, aka sami ɗaya daga cikin na ƙarin ya fara tsagewa aka jefar. Ramin mazaunin dama aka cike da walda kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa, don zafi mai yawa yana lanƙwasa bututun pon, sannan aka sake huda shi bisa awon na hagu. Sabuwar ƙusar tsakiya kowane gefe. Birid sababbi masu tsawon da ya dace, na ƙarfe mai tauri, ba irin waɗanda ake lanƙwasa rodi a yanka masa zare a bakin kasuwa ba. Waɗannan sai da aka aiko da su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Aka ɗaure su a giciye, kaɗan nan kaɗan can, da sifanar awo, ɗaurin ƙarshe kuma sai da motar ta sauka bisa tayoyinta. Robobin idon lam biyu da suka tsage aka canza, aka zuba wa pon sabon man giya mai lamba GL-5, aka buɗe bututun numfashinsa.

Gardamar da aka sha a kan fallayen ƙarin ce. Ni na so a cire su duka. Alhaji ya zo da kansa, ya ce, "Malam, motar nan don kaya na saye ta, ba don kai amarya ba." Na ce, "Gaskiyarku Alhaji, amma ku duba lissafin." Buhu mai tiya 40 kusan kilo 100 ne, goma tan ɗaya ke nan. Abin da aka ƙera mai gida biyu ta ɗauka, har da direba da duk wanda ke ciki, bai wuce tan ɗayan ba. Ke nan kafin fasinja na farko ya hau an riga an cika. Ƙarin lam yana hana mota durƙusawa ne kawai, ido ya daina ganin nauyin, amma boris ɗin taya da birki da shasi suna nan yadda suke. Akwai ma wani bawul a bayan motar da ke auna yadda ta durƙusa ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon kaya. In lam ya yi tauri, bawul ɗin yana ɗauka ba kaya alhali an cika ta, sai birkin baya ya yi sanyi daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Alhaji ya saurara, ya ce a bar falle ɗaya kowane gefe. A kan haka aka tsaya, aka daidaita sandar bawul ɗin da sabon tsayin motar. Ban ce na gamsu ba, amma falle ɗaya da aka ɗaure daidai ya fi biyu da ke yawo.

Aka maida buhu goman, aka ja sabon layin alli, aka maimaita gwajin filin baya, birki mai ƙarfi sannan tashi, gaba da ribas. Layin bai rabu ba, awon hagu da dama ya zo ɗaya, sitiyari ya dawo tsakiya ba tare da an taɓa ƙafar gaba ba. In aka saki ambarayaji da garaje akan ji ɗan motsi daga pon, wannan na shekaru ne, na gaya wa direba kada ya bari wani ya buɗe masa pon a kansa.

Sharaɗin da muka kafa shi ne ta dawo bayan ta ci kasuwa biyu ko uku a sake bin birid, domin sabon ɗauri ma yana zama. Ta dawo, kowane noti ya karɓi kusan rubu'in zagaye, na dama sun ɗan fi. Aka ba kardan giris, aka rubuta wa direba a bangon littafin juyen mai cewa duk juye a haɗa da shi, haka kuma duk ranar da ta ratsa ruwa mai zurfi. Tayar da ta cinye a kafaɗa aka maida ta safaya. Robar boris ɗin tsakiyar kardan ta fara tsagewa, mun nuna wa Alhaji, ya ce a bar ta sai ya sayar da waken da ke sito.